Mai Masauki a Jami'a: Abin da Na Gani a Tsarin Ɗaliban Yahudawa

Bayan an gama girbin riɗi a bana, mai garinmu ya tara dattawa a zaurensa domin a haɗa gudummawa ga yaranmu huɗu da suka samu gurbin karatu a jami'a, uku maza, ɗaya mace. Mai tiya biyu na riɗi ya kawo, mai naira dubu ɗaya ya ajiye a kan tabarma, wani ma ɗan akuyarsa ya kora zuwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ya dawo ya ba da rabin kuɗin. Ni ne mai riƙe littafin, saboda ni na koyar da yaran a sakandaren je-ka-ka-dawo da ke garin da muke maƙwabtaka da shi. Ina rubuta sunaye da adadin abin da kowa ya kawo, amma hankalina yana kan wani yaro da muka yi wa irin wannan taro shekara biyu da suka wuce, wanda a yanzu yake cajin waya a bakin tasha.

Yaron nan bai faɗi jarrabawa ba, kuma ba a kore shi ba. A duk shekarun da na yi ina koyarwa ban ga wanda ya kai shi lissafi ba. Da ya isa birni sai ya tarar an gama rabon ɗakunan kwana, ya koma kwana a barandar masallaci, ya yi kuskure wajen rajistar darussa bai san wanda zai tambaya ba, sannan zazzaɓi ya kwantar da shi kwana uku babu wanda ya san ba shi da lafiya. Zango ɗaya ya yi ya tattaro kayansa. Da na je wurin mahaifinsa, abin da ya ce mini shi ne: "Malam, to mu me ya rage mu yi? Ai mun biya kuɗin." Ban iya ba shi amsa ba a ranar, domin ni ma a lokacin haka na ɗauki lamarin.

Amsar ta zo mini ta wata hanya da ban zata ba. Akwai wani tsohon ɗalibina da yake karatun digiri na biyu a Ingila, yakan kira ni ta WhatsApp duk bayan 'yan makonni. Wata rana ya ce mini: "Malam, akwai wani abokin karatuna Bayahude, duk Juma'a da hunturu kafin ƙarfe uku ya riga ya bar ɗakin bincike, domin a can rana takan faɗi kafin ƙarfe huɗu. Na tambaye shi inda yake zuwa, ya ce gidan wani malaminsu da matarsa, kuma tun ranar da ya sauka a garin suka san da zuwansa, suka san ɗakin da yake, har da lambar mahaifiyarsa suna da ita." Wannan magana ce ta sa na shiga neman bayani a kan yadda al'ummar Yahudawa suke kula da 'ya'yansu a jami'o'in Amurka da Birtaniya.

Na san ambaton Yahudawa a wannan lokaci yana sosa zukata, domin babu wanda ya ga abin da aka yi wa mutanen Gaza tun daga ƙarshen 2023 ya kasa jin zafi, ni ma haka. Amma maganata a nan ba a kan gwamnatin Isra'ila take ba. Magana ce a kan yaro ɗan shekara goma sha takwas da ya bar gidan iyayensa ya shiga wurin da mutanen addininsa 'yan tsiraru ne, da kuma abin da manyansa suka tanada masa. Malamanmu sukan ce hikima ɓataccen kayan mumini ce, duk inda ya tsince ta shi ya fi cancanta da ita.

Abu na farko da ya ba ni mamaki shi ne cewa tsarin bai samo asali daga wadata ba, daga ƙunci ya taso. A farkon ƙarni na 20, 'ya'yan Yahudawan da suka yi hijira daga gabashin Turai sun fara cika manyan jami'o'in Amurka, har hankalin masu jami'o'in ya tashi. A 1922, lokacin da Yahudawa suka zarce kashi ɗaya cikin biyar na sababbin ɗaliban Jami'ar Harvard, shugabanta A. Lawrence Lowell ya nemi a ƙayyade yawansu. An ƙi shawarar a fili, amma daga baya aka cim ma kusan abin da ya so ta bayan fage, ta hanyar shigo da sharuɗɗan da ba a iya aunawa, irin su "kyawun hali" da yankin da ɗalibi ya fito. Ƙungiyoyin zumuncin ɗalibai da yawa ba sa karɓar Bayahude, shi ya sa suka kafa nasu, kamar Alpha Epsilon Pi da aka kafa a New York a 1913.

A cikin wannan yanayi ne aka kafa Hillel, ƙungiyar kula da ɗaliban Yahudawa a jami'a, a 1923, a Jami'ar Illinois da ke Urbana-Champaign, wani gari da ke tsakiyar gonakin masara, nesa da manyan unguwannin Yahudawa. Wanda ya kafa ta wani matashin malamin addininsu ne, irin wanda suke kira rabbi, mai suna Benjamin Frankel, kuma a wani ɗakin haya ya fara. Cikin waɗanda suka fi matsa lamba a yi wani abu har da wani farfesa Kirista, Edward Chauncey Baldwin, wanda ya lura cewa ɗalibansa Yahudawa ba su san littafinsu da tarihinsu ba, ya je ya faɗa wa manyansu a Chicago cewa suna sakaci da 'ya'yansu. An sa wa ƙungiyar sunan Hillel, wani malaminsu da ya rayu a Ƙudus kimanin shekara dubu biyu da suka wuce, wanda ya shahara da haƙuri da masu tambaya. Ba da daɗewa ba ƙungiyar Yahudawa ta B'nai B'rith, wadda take tun 1843, ta ɗauki nauyinta, aka buɗe rassa a Wisconsin da Ohio da Michigan. Frankel ya rasu a 1927 yana matashi, amma aikin bai mutu da shi ba. A yau, bisa ƙididdigar ƙungiyar da kanta, tana aiki a jami'o'i da kwalejoji fiye da 800 a ƙasashe da dama.

Wani abu da ya sa na ajiye waya na yi shiru shi ne cewa a wannan jami'a ta Urbana-Champaign ɗin ce, shekara arba'in daidai bayan haka, wato a 1963, aka kafa ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta Amurka da Kanada. Buƙata iri ɗaya ce ta haifi ƙungiyoyin biyu a gari ɗaya.

Domin a gane dalilin da ya sa Bayahude mai riƙo da addininsa ba zai iya zaman jami'a shi kaɗai ba, sai an san abin da addinin yake nema a wurinsa, kuma Musulmi zai fi kowa saurin fahimta. Abincinsa sai wanda suke kira kosher: ba ya cin alade, dabba sai wadda aka yanka bisa ƙa'idarsu, ba ya haɗa nama da madara a ci ɗaya, har tukwane da cokula a rabe suke, kifi kuma sai mai ɓamɓaroki da fiffike. Wannan yana nufin ɗakin cin abincin jami'a kusan ba shi da amfani a gare shi sai idan an ware madafa ta musamman da mai sa ido a kanta. Asabar ɗinsu tana farawa ne daga faɗuwar rana ran Juma'a zuwa fitowar taurari ran Asabar, kuma a tsakanin nan ba ya rubutu, ba ya kunna wuta ko lantarki, ba ya shiga mota, ba ya taɓa waya. Sai ka ga ƙaramin abu ya zama babba: jami'a ta sauya makullan ɗakunan kwana zuwa na kati mai aiki da lantarki, yaro ya kasa shiga ɗakinsa ranar Asabar, dole a samu wanda zai je ofis ya roƙa masa makullin ƙarfe da ɗaki a ƙasa inda ba ya buƙatar lifta. Manyan ranakun ibadarsu, wato sabuwar shekararsu da ranar Yom Kippur da suke azumin kimanin awa 25 ba ci ba sha, suna faɗowa ne a Satumba ko Oktoba, daidai lokacin da ake fara karatu. Idin Ƙetarewa kuma, wanda ba sa cin burodi mai yisti a cikinsa har kwana takwas, yakan zo a Maris ko Afrilu gab da jarrabawa. Wasu addu'o'insu ba sa yiwuwa sai an cika mutum goma, ciki har da wadda ɗa yake yi wa mahaifinsa da ya rasu. Duk wanda ya taɓa neman a ɗage masa gwajin da aka sa daidai lokacin sallar Juma'a, ko ya yi azumi a inda ba a san da sahur ba, ya san wannan ciwo. A wasu kwalejojin Amurka ma madafa ɗaya aka haɗa wa Musulmi da Yahudawa, abin da ba zai ba mai karanta Suratul Ma'ida mamaki ba.

Inda na fi tsayawa shi ne yadda suka amsa waɗannan buƙatu. Hillel ba ƙungiyar ɗalibai ba ce kawai kamar yadda muka saba gani. Ɗalibai suna da shugabanninsu, amma a bayansu akwai babban mutum mai albashi, darakta ko malami, wanda aikinsa kenan, kuma yana nan ko da waɗanda ya tarba sun gama sun tafi. Shi ya san wane jami'i ne ke rabon ɗakuna, wane malami ne zai yarda ya sauya ranar gwaji, wane asibiti ne za a kai mara lafiya, kuma wannan sani ba ya ɓacewa duk shekara huɗu. Kuɗin aikin yana fitowa ne daga iyaye da tsofaffin ɗalibai da asusun al'ummar Yahudawa na garin, ba daga aljihun yaran ba.

Akwai kuma wani tsari da ya fi kama da rayuwarmu, na 'yan Chabad, wata ɗariƙarsu da cibiyarta take Brooklyn, wadda Menachem Mendel Schneerson ya jagoranta har rasuwarsa a 1994. Sun buɗe gidansu na farko na ɗalibai kusa da Jami'ar California da ke Los Angeles a 1969. Su ba ofis suke buɗewa ba. Miji da mata ne suke tarewa a wani gida kusa da jami'a da niyyar zama na dindindin, su nemo kuɗin tafiyar da gidan da kansu, su haifi 'ya'yansu a nan, kuma kowace Juma'a bayan faɗuwar rana su shimfiɗa abinci kyauta ga duk ɗalibin da ya zo, mai ibada da wanda bai san komai ba. A kan wannan teburi ne matar gidan za ta lura cewa wance ta rame, wane kuma mako biyu bai zo ba, a ɗauki waya a neme shi. Da yaronmu yana da irin wannan gida, da zazzaɓinsa bai kwana uku a ɓoye ba. A Birtaniya ma haɗin iri ɗaya ne: ƙungiyar ɗalibansu ta ƙasa, wadda asalinta ya koma 1919, tana gefe guda, a ɗaya gefen kuma akwai hukumar da take tura malamai da matansu su zauna a garuruwan jami'o'i.

Ta fuskar doka, a jihar New York dokar ilimi ta wajabta wa jami'o'i su ba ɗalibin da ya rasa jarrabawa saboda ranar ibada damar ramawa. Dokar kare haƙƙin jama'a ta Amurka ta 1964 kuwa, a sashenta na shida da ya shafi makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya, ba ta ambaci addini ba, amma a 2004 ma'aikatar ilimi ta bayyana cewa tana kare Yahudawa da Musulmi da mabiya addinin Sikh idan aka tsangwame su saboda asalinsu. Ta fuskar kuɗi kuma, Attaura ta hana su cin ruwa a tsakaninsu, shi ya sa suke da asusun bashi marar ruwa, kamar wanda aka kafa a New York a 1892, wanda har yau yake ba da rancen karatu, ga Bayahude da wanda ba Bayahude ba. Mu kuma a 2024 gwamnatin tarayya ta fara ba da irin wannan rance ta asusun rancen ɗalibai na NELFUND, ko da yake adashi da rance tsakanin 'yan uwa sun daɗe a cikinmu.

Ba zan ɓoye inda tsarin yake da rauni ba. Hillel ta ɗaure kanta da goyon bayan Isra'ila, har a 2010 ta fitar da ƙa'idojin da suka hana rassanta haɗa kai da masu kiran a ƙaurace wa ƙasar, abin da ya sa reshen Kwalejin Swarthmore ya yi mata tawaye a 2013. Bayan harin da Hamas ta kai wa Isra'ila ranar 7 ga Oktoba 2023 da yaƙin Gaza da ya biyo baya, ɓarakar ta ƙara fitowa fili. Akwai ɗalibai Yahudawa da aka zaga aka tsorata don kawai an ga ƙaramar hularsu, wannan kuwa zalunci ne ko wa ya yi shi, kuma ƙorafinsu ya kai ga zaman majalisar dokokin Amurka na Disamba 2023 da ya ci kujerun shugabannin jami'o'in Pennsylvania da Harvard. Akwai kuma wasu ɗalibai Yahudawa da suka kwana a tantunan zanga-zangar goyon bayan Falasɗinawa a Jami'ar Columbia a Afrilu 2024, har suka yi bikin Idin Ƙetarewa a can, kuma da yawa daga cikin irinsu suna cewa gidajen da aka gina domin su sun rufe musu ƙofa. A ganina, masaukin da yake tambayar baƙo ra'ayinsa kafin ya ba shi tuwo ya rage wa kansa daraja. Na faɗi haka ne ina tuna yadda ƙungiyoyinmu na addini a makarantu sukan rabe gida biyu ko uku a kan saɓanin malamansu na cikin gari, yaron ƙauye ya tsaya a tsakiya bai san inda zai dosa ba.

Ba wai mu ba mu da komai ba. Ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta Najeriya, wato MSSN, tana nan tun 1954 da aka kafa ta a Legas, kuma ta yi aiki mai yawa, haka ma ƙungiyar ɗalibai Kiristoci ta FCS da ƙungiyoyin ɗaliban jiha da na ƙananan hukumomi. Yaronmu kuma a Kano ko Dutse ko Wudil ko Kafin Hausa ba ya cikin 'yan tsiraru ta fuskar addini, masallaci yana ko'ina, abinci halal ne. Baƙuncinsa na ƙauyanci ne da talauci da ƙarancin Turanci da rashin sanin kowa. Ƙungiyoyin da ya kamata su tarbe shi kuwa yara ne irinsa suke tafiyar da su, su ma da karatunsu a kansu, kuma da zarar sun gama sai sababbi su fara daga tushe.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne kakanninmu sun riga sun san maganin. Fataken da suke tafiya Gwanja neman goro ba sa shiga garin da ba su da mai masauki a cikinsa. Shi yake ba su ɗaki, ya adana musu kaya, ya haɗa su da dillali, ya tsaya musu idan an yi ciniki a kan bashi, ya yi jinyar wanda ya kwanta, idan ajali ya zo ya binne shi ya aika gida da labari. Da wannan tsari aka gina zango-zango daga Salaga har zuwa Sabo ta Ibadan. Ba mu taɓa tura shanu kudu ba tare da mun san hannun da za su sauka ba, amma mukan sa yaro a mota da takardar shiga jami'a da ƙullin garin kwaki mu ce Allah ya tsare.

Da aka gama ƙirga kuɗin a zaure, sai na ce wa mai gari: "Ranka ya daɗe, ina da magana ɗaya kafin a yi addu'a." Na ba su labarin a taƙaice, na kawo shawarar a cire wani abu daga gudummawar a ba wani ɗan garinmu da ya yi ritaya daga aikin gwamnati, wanda gidansa bai da nisa da jami'ar da yara biyu za su shiga, domin ya zama mai masaukinsu a hukumance, da sanin gari, ba a matsayin alfarmar da zai iya gajiya da ita ba. Wani dattijo ya gyara zama ya ce: "Yanzu Malam, abin Yahudu za mu kwaikwaya?" Kafin na buɗe baki liman ya amsa masa da cewa: "Alhaji, mahaifinka da yake kai shanu Ikko, a gidan wa yake sauka?" Aka yi dariya, shi ma ya yi.

Mun je wurin mutumin mako guda bayan haka, ni da ƙanin mai gari. Ya ce shi ba zai yanke ba sai ya shiga ciki, domin wahalar a kan uwargidansa za ta sauka. Ita ce ta fito har bakin ƙofar tsakar gida ta ce ta yarda, amma da sharaɗin kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci yaran su zo su ci abinci a gidanta, wanda bai zo ba kuma ya kira ya faɗi dalili, in ba haka ba za ta sa a je a duba shi. Muka yi alkawarin buhun gero da rabin buhun wake duk kaka, da kuɗin kati da na mota. Na buɗe sabon shafi a littafin na rubuta.

Sauran biyun har yanzu ba su da kowa. Namijin zai tafi wata jiha inda ba mu san ɗan garinmu ko ɗaya ba, yarinyar kuma mahaifinta ya ce ba za ta bar gida ba sai ya ga matar da zai damƙa ta a hannunta da idonsa. An ba ni labarin wata malamar asibiti a Dutse da mahaifiyarta 'yar unguwarmu ce, ranar Asabar mai zuwa zan shiga motar safe in je in same ta.